Yadda Za a Tsare Gida da Unguwa Daga Ƙyanda: Allura Biyu da Matakan da Ke Mara Musu Baya

Ƙyanda, wadda ake kuma kira baƙon dauro, cuta ce mai lokaci a ƙasar Hausa. Takan fara ɓulla bayan an kammala aikin kaka, ta yi ƙamari daga tsakiyar hunturu zuwa zafin bazara, sa'an nan ta lafa idan damina ta kankama. Masu binciken da suka bi sawunta a Yamai da Maraɗi da Damagaram sun gano cewa hauhawarta tana tafiya ne tare da cikar birane da 'yan cin rani, raguwarta kuma tana zuwa ne a lokacin da mutane suka watse suka koma gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ƙyanda ta kama mutum kimanin miliyan 10.3, ta kashe kimanin 107,500, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, alhali allurar rigakafinta tana nan tun 1963. Cutar da aka san lokacin zuwanta ana iya yi mata tanadi, kuma tanadin yana da tsari: akwai abin da ake yi tun ba a ji ɗuriyarta ba, akwai na ranar da zazzaɓi ya shigo gida, akwai kuma wanda ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai unguwa ta haɗa hannu.

Halin ƙwayar cutar

Ƙwayar ƙyanda bairos ce, kuma a iska take tafiya. Idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa, ko ma numfashi kawai, ƙwayoyin sukan tsaya a iskar ɗaki har tsawon awa 2 bayan shi ya tashi ya fita, ta yadda yaron da ya shigo daga baya zai iya shaƙarsu ba tare da ya taɓa haɗa ido da majinyacin ba. Cikin mutum 10 marasa kariya da suka zauna tare da mai ƙyanda, kimanin 9 za su kamu. A cikin jama'ar da babu mai kariya ko ɗaya, mutum guda yakan harbi mutum 12 zuwa 18, kuma cututtukan da suka kamo ƙafarta a saurin yaɗuwa ba su da yawa.

Abin da ya fi yaudarar iyaye shi ne lokaci. Daga ranar da yaro ya shaƙi ƙwayar zuwa ranar da jikinsa zai yi zafi akan yi kwana 10 zuwa 12 yana wasansa lafiya lau. Sai zazzaɓi mai tsanani ya zo tare da tari da majina da jan ido mai hawaye, abin da kowa zai ɗauka murar hunturu ce. Ƙurajen ba sa fitowa sai bayan kwana 3 zuwa 5 da fara zazzaɓin, inda suke farawa daga bayan kunne da goshi, su gangara wuya da ƙirji, su kai har ƙafa. A baƙar fata ba lallai ne a ga jansu ba, sau da yawa sai an shafa da tafin hannu ake jin kaushinsu. Yaro kuwa yana yaɗa cutar tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito har zuwa kwana 4 bayan fitowarsu. Saboda haka wanda ya ce sai ya ga ƙuraje zai raba yaro da 'yan'uwansa, ya riga ya bar rabin kwanakin yaɗuwar sun wuce shi.

Yadda ake karanta alƙaluman ingancin allura

Idan aka ce wata allura tana da inganci kashi 95 cikin 100, ba ana nufin mutum 5 cikin kowane 100 da aka yi wa za su kwanta ba ne. Kwatanci ne tsakanin rukuni biyu. A gwajin allurar korona ta kamfanonin Pfizer da BioNTech a 2020, an raba mutum fiye da 43,000 gida biyu, aka yi wa rabi allurar, aka yi wa rabi allurar ruwan gishiri marar magani. Da aka ƙirga mutum 170 da suka kamu, sai aka tarar 162 daga rukunin ruwan gishiri suke, 8 kacal daga rukunin allurar. Inda ya kamata a sami 162 aka sami 8, raguwar ke nan ta kai kashi 95 cikin 100.

Alluran ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kuskure ne a auna wata da ma'aunin wata. Ƙarfin allurar korona na hana kamuwa ya ragu bayan bayyanar nau'in cutar mai suna Omikron a ƙarshen 2021, ko da yake ta ci gaba da rage haɗarin kwanciya asibiti da mutuwa. Allurar mura mai tsanani ta kowace shekara takan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 a shekarar da ta dace da nau'in da ke yawo. Ta ƙyanda ta fi su duka biyun ƙarfi da daɗewa, domin ƙwayarta ba ta sauya kama ta hanyar da za ta kuɓuce wa allurar. Wanda aka yi wa sau biyu yana da kariya kimanin kashi 97 cikin 100, kuma kariyar takan raka shi har tsufa.

Giɓin yana wurin allurar farko. Jariri yakan zo duniya da garkuwar da ya samu daga mahaifiyarsa, wadda take kare shi na 'yan watanni, amma kuma ragowarta takan hana allurar kamawa yadda ya kamata. Allurar da aka yi a wata 12 takan kama a jikin yara kimanin 93 zuwa 95 cikin 100, wadda aka yi a wata 9 kuwa kimanin 85 ne. Ƙasashen da cutar ta yi yawa a cikinsu, har da Najeriya da Nijar, sun zaɓi wata 9 ne saboda jinkirtawa zuwa shekara guda zai bar jarirai da yawa a hannun cutar a daidai lokacin da ta fi kisa. An yi allura ta biyu ne domin ta kamo waɗancan yara 15 da ta farko ta tsallake.

A ɗauki misali domin lissafi. Unguwa ce mai yara 1,000, aka yi wa 600 allura sau ɗaya a wata 9. Masu kariya ta gaskiya 510 ne, sauran 490 a buɗe suke, kuma cutar da mutum ɗaya ke harbin goma sha wani abu da ita ba za ta rasa hanya a cikinsu ba. Idan kuwa yara 950 ne aka yi wa sau biyu, masu kariya za su kai kimanin 920, marasa ita 80 ne a warwatse cikin jama'a, sai ƙwayar ta riƙa cin karo da waɗanda ba za ta iya kamawa ba har ta mutu a hanya. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin kashi 95 cikin 100 na allura biyu, a kowace gunduma, ba a jimillar ƙasa kawai ba.

Lissafin nan kuma shi ne amsar maganar da ake yawan ji, cewa ai ɗan wane an yi masa allurar kuma ya yi ƙyanda. Maganar tana iya zama gaskiya. A aji mai ɗalibai 100 da aka yi wa 90 allura sau ɗaya, kimanin 13 daga cikin 90 ɗin ba ta kama su ba. Idan cutar ta shiga ajin, za a iya samun 12 daga masu allura sun kwanta, 9 kuma daga goman da ba a yi wa ba. Mai ƙirga kawuna zai ce masu allura sun fi yawa a cikin majinyata, amma 12 cikin 90 da 9 cikin 10 ba abu ɗaya ba ne, kuma da ba a yi wa kowa ba, kusan ajin duka ne zai kwanta.

Katin rigakafi da ranar zuwa asibiti

Aikin farko shi ne maigida ko uwargida su fito da katin rigakafin kowane yaro su duba, tun kafin hunturu ya shigo, kada a dogara da tuni. A Najeriya allurar ƙyanda ta farko a wata 9 ake yin ta, rana ɗaya da ta shawara, ta biyu kuma a wata 15, kuma kyauta ce a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Ta biyun ita aka fi mantawa, domin a lokacin yaro ya fara tafiya, wani sa'in ma an yi masa ƙane, zuwa awo ya ja baya.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware a nan. Ɗigon da ma'aikata ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara a baki na shan inna ne, ba shi da wani tasiri a kan ƙyanda, ko da an ɗiga wa yaro shi sau goma. Rigakafin ƙyanda allura ce a dantse. Idan uwa ta ce an yi wa ɗanta rigakafi, a tambaye ta a baki ne ko a hannu, kuma yana wata nawa a lokacin.

Yaron da lokacinsa ya wuce ba a yi masa ba, a kai shi, ba a cewa an makara. Wanda aka yi wa ta farko ba sai an sake daga farko ba, ta biyu kawai yake bi, muddin an sami tazarar mako 4 tsakaninsu. Idan kati ya ɓace kuma babu tabbas, ƙarin allura ba ya cutar da wanda ya riga ya sami kariya. Haka ma allurar gangami, irin gangamin ƙyanda da rubela (wata cutar ƙuraje mai kama da ƙyanda) da Najeriya ta ƙaddamar a watan Oktoban 2025 domin yara daga wata 9 zuwa shekara 14, ana yi wa yaro ita ko da katinsa a cike yake. Mura ko ɗan zawo ba sa hana yin allurar, tamowa kuwa dalili ne na gaggautawa. Waɗanda ba a yi wa su ne mai juna biyu, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, da wanda allurar ta taɓa jawo masa mummunan rikicewar jiki nan take.

Ya kamata a tambayi ranar da cibiyar take yin allurar ƙyanda kafin a kama hanya. Maganin gari ne a cikin 'yar kwalba, galibi mai ɗaukar yara 10, wanda ake haɗawa da ruwansa na musamman, kuma da zarar an haɗa shi to bayan awa 6 zubar da ragowar ake yi. Wannan ne ya sa cibiyoyi da yawa suke ware mata rana guda a mako. Ana ajiye kwalaben a sanyin da ke tsakanin maki 2 zuwa 8 na ma'aunin Selsiyos, kuma a jikin kowace kwalba akwai wata alama, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai duhu. Idan zafi ya taɓa maganin, murabba'in yakan yi duhu, kuma da ya yi daidai da launin da'irar ba a amfani da kwalbar. Babu laifi uwa ta nemi a nuna mata wannan alama cikin ladabi, ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Bayan kwana 7 zuwa 12 da yin allurar wasu yara sukan yi zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kaɗan daga cikinsu har da 'yan ƙuraje. Wannan ba ƙyanda ba ce, kuma ba ya yaɗuwa. Sai dai a tuna cewa jiki yana buƙatar mako 2 zuwa 3 kafin kariyar ta kankama.

Me ya sa allura ba ta ɗauke sauran matakai

Ko da an cika kowane kati, a gida ɗaya za a sami jaririn da bai kai wata 9 ba, da yaron da ke tsakanin allura ta farko da ta biyu, da mai cikin da ba a taɓa yi wa ba, da yaron da tamowa ta raunana. Waɗannan su ne sauran matakan suke karewa. Lamarin kamar jinkar ɗaki yake: shimfiɗin ciyawa guda ba ya tare ruwan sama saboda yana da kafofi, amma idan aka ɗora wani bisa wani sai kafar wannan ta faɗa kan cikar wancan.

Sai dai matakan ba darajarsu ɗaya ba, kuma a ganina wannan ne wurin da wayar da kai ta zamanin korona ta bar mutane da gurguwar fahimta, inda aka jera komai a kan allo ɗaya kamar duk nauyinsu guda. Ga ƙyanda, bayan allura babu kamar raba majinyaci da marasa kariya tun ranar farko ta zazzaɓi. Mai bi masa shi ne sauya iskar ɗaki. Takunkumin fuska yana rage abin da ake shaƙa da abin da ake fitarwa, musamman irin N95 da ya zauna daram a fuska, na yadi kuwa amfaninsa kaɗan ne a gaban wannan cuta, kuma ba a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 kowane iri. Wanke hannu da sabulu shi ne na ƙarshe wajen tare ƙyanda kanta, tunda a iska take, amma yana da babban amfani wajen hana zawon da ke biyo bayanta. Wanda ya cika gida da sinadarin goge hannu ya bar tagogi a rufe bai yi komai ba tukuna.

Ranar da zazzaɓi ya shigo gida

Idan ana ƙyanda a unguwa, duk yaron da ya tashi da zazzaɓi da tari da jan ido a ɗauka ita ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Kada ya je boko, kada ya je Islamiyya ko makarantar allo, kada kuma a goya shi zuwa gidan suna ko biki. A ware masa ɗaki, in babu ɗaki a ware masa rumfa ko wani gefe na tsakar gida da iska ke ratsawa, a nesanta jariri da mai ciki daga gare shi. Sanyin hunturu yakan sa a toshe taga a kunna gawayi, alhali abin da ya dace shi ne a lulluɓe yaron da bargo a bar taga da ƙofa a buɗe, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne mai zaman kansa. Fankar da ke juya iska a ɗakin da ke rufe ba ta fitar da komai, gara a fuskantar da ita waje ta taga.

Mai jinya ya zama mutum ɗaya, kuma a zaɓi wanda aka yi wa allura biyu ko wanda ya tabbata ya yi ƙyanda a baya. Kariyar wanda ya taɓa yin cutar ta har abada ce. Likitan nan ɗan ƙasar Denmak, Peter Panum, ya ga haka a tsibiran Faro da ke arewacin Turai a 1846, lokacin da cutar ta kama mutum kusan 6,000 cikin ƙasa da 8,000, amma ta tsallake tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781, shekara 65 kafin nan. Idan majinyacin yana shan nono, uwarsa ta ci gaba da ba shi, kada ta daina.

Sa'an nan a waiwayi sauran yaran gidan a ranar, ba washegari ba. Allurar da aka yi cikin awa 72 da haɗuwa da mai cutar tana iya hana ta fitowa ko ta rage mata ƙarfi. A lokacin ɓarkewa ma'aikatan lafiya suna iya yi wa jariri daga wata 6, amma wannan ƙari ce, ba ta shiga lissafin ta wata 9 da ta wata 15.

Majinyacin ma a kai shi cibiyar lafiya, amma da dabara. Babba ya fara shiga ya sanar da ma'aikaci cewa ana zargin ƙyanda, yaron ya jira a waje a inuwa, kada a zaunar da shi a layin masu awon ciki da jariran da aka kawo rigakafi. Babu maganin da ke kashe ƙwayar kanta, kuma magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya da ake saya a kemis ba sa taɓa ta, sai dai ma'aikaci ya rubuta su idan ciwon huhu ko na kunne ya biyo baya. Abin da ake nema a cibiyar shi ne sinadarin bitamin A, sau biyu, yau da gobe, domin yana rage mutuwa da makanta. 'Yan ƙwanso ne masu ɗan wutsiya da ake yankewa a matse man a bakin yaro: shuɗi mai awo 100,000 na jariri daga wata 6 zuwa 11, ja mai awo 200,000 na wanda ya cika shekara, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma 50,000. A tabbatar an karɓi na rana ta biyu.

A gida, jinyar ruwa ce da abinci da tsafta. A yawaita ba shi ruwa da kunu da koko, idan zawo ya zo a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda kamar yadda aka rubuta a jiki. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ko da bakinsa yana ciwo, a sa ƙwai da wake da gyaɗa da madara, da abubuwan da ke da bitamin A irin su hanta, manja, zogale, karas, gwanda da mangwaro. Hana mai ƙyanda nama ko ƙwai ba shi da tushe a likitance, kuma yana ƙara tura shi cikin tamowa. Wanka da ruwa mai ɗumi ba ya mayar da ƙuraje ciki. Domin zazzaɓi a ba da farasitamol daidai nauyin yaro, kada a ba shi asfirin.

Ido shi ne wurin da kyakkyawar niyya ta fi yin ɓarna. Kada a sa masa kwalli ko ruwan ganye ko nono ko ruwan sukari, kada kuma a ɗiga maganin idon da ba ma'aikacin lafiya ne ya bayar ba, domin wasunsu suna ƙara cinye baƙin idon da ya riga ya yi rauni. A goge kwantsa da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cif yana kwance shiru: idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, to huhu ya taɓu. Haka nan idan ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko barci ya rinjaye shi ana tashinsa da ƙyar, ko baƙin idonsa ya yi hazo, ko gyambo ya yi zurfi a bakinsa.

Keɓewar majinyaci tana ƙarewa ne bayan cikar kwana 4 daga ranar fitowar ƙuraje. Yaran da suka zauna da shi kuma ba su da kariya, su ana sa musu ido har kwana 21.

Abin da ya rataya a kan unguwa

Kuskuren da aka fi yi da zuciya ɗaya shi ne kwashe sauran yara a tura su wurin kaka a wani gari domin su tsira. Yaron da ya riga ya shaƙi ƙwayar lafiyayye yake a ido, zai hau mota cike da mutane, bayan kwana goma ya kwanta a garin da babu cutar. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da annoba ya hana shiga garin da take, ya kuma hana waɗanda ke ciki fita domin guje mata, kuma ɓangare na biyun ne ya fi wuyar bi idan ɗan mutum ne a ciki.

Ƙyanda cuta ce da ake kai rahotonta. Kowace ƙaramar hukuma a Najeriya tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda cibiyar lafiya take sanar wa domin a ɗebi jini a tabbatar, tunda rubela da wasu cututtuka suna kama da ita. Ana kuma iya kiran Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya kyauta a lamba 6232. Mai unguwa da liman da shugaban makaranta su ne suka fi kowa saurin sanin gidajen da yara suka kwanta, kuma sanarwarsu da wuri ita take kawo masu allura unguwar kafin zagaye na biyu na kamuwa, wanda yakan zo kimanin mako 2 bayan na farko. Malamin tsangaya da ke kwana da almajirai da yawa a zaure ɗaya, da masu kula da sansanin 'yan gudun hijira, su ya fi kamata su nemi a zo a yi wa yaransu allura tun kafin a sami mutum na farko. A makaranta kuwa, a mayar da mai zazzaɓi gida ba tare da tsangwama ba, a buɗe tagogi, a yi karatun da zai yiwu a waje.

Abin da ya faru a Samowa, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik da mutanenta ba su wuce 200,000 da yawa ba, ya nuna yadda matakan suke aiki tare. A 2018 jarirai biyu sun mutu bayan ma'aikatan jinya sun haɗa maganin allurar da wani maganin sassauta tsoka maimakon ruwansa, aka dakatar da rigakafin na tsawon watanni, iyaye suka tsorata, yawan jariran da aka yi wa ya faɗo zuwa kashi 31 cikin 100. A 2019 ƙyanda ta kama mutum fiye da 5,700, ta kashe 83, mafi yawansu ƙananan yara. Gwamnati ta rufe makarantu, ta hana yara shiga taro, sa'an nan a ranakun 5 da 6 ga Disamba ta tsayar da harkokin ƙasar, aka umarci duk gidan da ke da wanda ba a yi wa allura ba ya rataya jan ƙyalle a ƙofa domin ma'aikata su gane shi. Rufe makarantu da hana taro sun rage gudun cutar ne kawai, allurar da ta kai ga kimanin kashi 95 na jama'a ita ta tsayar da ita.

Bayan ƙuraje sun bushe

Saɓar fata ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Binciken da aka buga a 2019 a kan yaran ƙasar Holan da ba a yi wa allura ba ya nuna cewa ƙyanda tana shafe tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da jiki ya tara a kan wasu cututtuka, wato yaro yakan koma yana kamuwa da abubuwan da ya riga ya wuce. Saboda haka a cikin watannin da ke biye, tari ko zawo ko zazzaɓin da a da za a yi wa jinkiri, yanzu a kai shi asibiti da wuri.

A ƙara masa cin abinci sau ɗaya a kan yadda ya saba har sai nauyinsa ya dawo, a kuma riƙa kai shi awo, inda za a auna dantsensa da zaren awo mai launi uku, wanda jansa ke nuna tamowa mai tsanani. Idan yana laluben hanya da magariba, dundumi ke nan, a koma domin ƙarin bitamin A. A duba kunnensa ko yana zubar da ruwa. A riƙa buɗe bakinsa ana duba dasashi, domin ƙyanda da tamowa suna cikin abubuwan da ke share fage ga cutar noma mai cin fuska, wadda Sakkwato take da asibiti na musamman dominta. Dasashin da ya kumbura yana jini, da warin baki mai ƙarfi, da kumburin kunci, alamomi ne da ake kai yaro asibiti a kansu a ranar, domin a wannan mataki magani yana tsayar da ita, bayan 'yan kwanaki kuwa sai tiyata.